Sharhi: Badaƙalar inshorar bashi a Birtaniya: waɗanda suka karɓo haƙƙinsu da waɗanda aka bari a baya

Da ƙarfe 11:59 na daren Alhamis, 29 ga watan Agustan 2019, aka rufe karɓar ƙorafi a kan badaƙalar kuɗi mafi tsada da bankunan Birtaniya suka taɓa faɗawa a cikinta. Badaƙalar ta shafi wata inshora ce da aka fi sani da PPI, wadda bankuna da kamfanonin bayar da lamuni suka shafe shekaru suna liƙa wa mutane a jikin bashi da katin cin bashi, sau da yawa ba tare da mai cin bashin ya nema ba, ko ya fahimta, ko ma ya san an saka masa.

Alƙaluman hukumar da ke sa ido a kan harkokin kuɗi ta ƙasar, wato FCA, sun nuna cewa daga watan Janairun 2011 zuwa ƙarshen 2019 an mayar wa jama'a sama da fam biliyan 38. In aka haɗa da abin da bankunan suka kashe wajen ɗaukar ma'aikata da tantance takardu, asarar ta zarce fam biliyan 50.

Maganar ba ta mutu ba, domin kotunan ƙasar sun ci gaba da yanke hukunci a kanta har bayan wa'adin, sannan wata taƙaddama mai kama da ita ta kunno kai a fannin lamunin sayen motoci. Abin da ya fi jan hankali a tarihin wannan lamari shi ne, kuɗin bai koma wa duk wanda aka zalunta ba. Ya koma ne ga wanda ya ji labari, ya tambaya, ya kuma dage.

Mece ce inshorar PPI?

A bisa asali manufar inshorar ba ta da aibu. Mutum ne ya ci bashin banki, ko ya karɓi katin cin bashi, ko ya sayi gida ko mota da lamuni. Idan ciwo ya kwantar da shi, ko ya yi hatsari, ko aka sallame shi daga aiki, kamfanin inshora zai riƙa biyan kason wata-wata a madadinsa na wani lokaci, galibi watanni 12, har ya murmure ko ya sami wani aikin. Ga magidancin da albashi kaɗai ya dogara da shi, wannan kariya ce mai ma'ana.

Hukumar FCA ta ƙiyasta cewa an sayar da irin wannan inshora har kimanin miliyan 64 a Birtaniya, akasari tsakanin 1990 da 2010. Adadin ya ɗan haura yawan al'ummar ƙasar baki ɗaya a wancan lokaci.

Hanyoyin biya iri biyu ne. A kan katin cin bashi, ana cire wani ɗan kaso ne kowane wata gwargwadon bashin da ke kan mutum, kuma da yake kuɗin ba shi da yawa a ido, mutane da dama sun yi shekaru suna biya ba su lura ba. A kan lamuni kuwa, an fi amfani da biyan dunƙule: a lissafa kuɗin inshorar na shekaru, a ɗora shi a kan uwar kuɗin tun ranar farko, sannan a riƙa cajin kuɗin ruwa a kan duka biyun. Ma'ana, mutum ya ci bashi domin ya biya inshorar da za ta kare bashinsa. Idan ya biya bashin da wuri, abin da za a mayar masa daga kuɗin inshorar bai taka kara ya karya ba.

Inda gizo ke saƙar

Ribar da ke cikin wannan inshora ita ce ta ɓata ta. A shekarun da gasa ta yi tsanani, bankuna sun riƙa rage kuɗin ruwa domin jawo masu cin bashi, sannan su fanshe a kan inshora. Binciken da ofishin kula da adalci a cinikayya na ƙasar, OFT, ya gudanar a 2006 ya gano cewa a cikin kowane fam 100 da jama'a suka zuba a PPI, kimanin fam 20 ne kawai ke komawa gare su a matsayin diyya, alhali a inshorar mota abin da ke komawa ya haura fam 80. Daga bisani hukumar kula da gasa ta ƙasar ta ƙiyasta cewa manyan masu sayar da inshorar su 12 sun ci ribar da ta wuce ƙima da kimanin fam biliyan 1.4 a shekarar 2006 kaɗai.

Da yake an ɗaura wa ma'aikatan banki adadin da za su sayar, kuma alawus ɗinsu ya rataya a kan hakan, sai sayarwar ta koma ta ko ta halin ƙaƙa. Ƙorafe-ƙorafen da suka biyo baya sun nuna salo iri ɗaya a bankuna daban-daban.

Akwai waɗanda aka ce musu inshorar dole ce, ko aka nuna musu cewa ba za a amince da bashin ba sai da ita. Akwai waɗanda aka saka musu ba a faɗa musu ba, musamman a takardun da aka riga aka sa wa alamar amincewa. Akwai kuma waɗanda aka sayar wa alhali ba za su taɓa cin moriyarta ba: 'yan fansho da ɗalibai da marasa aiki, waɗanda ba su da aikin da za a sallame su daga gare shi, da masu sana'ar kansu waɗanda sharuɗɗan inshorar suka ƙuntata musu, da masu wata tsohuwar rashin lafiya da ba a tambaye su a kanta ba. Inshorori da yawa sun ware ciwon baya da matsalar damuwa daga abin da suke biya, alhali su ne kan gaba a cikin dalilan da ke hana ma'aikata fita aiki. Wasu kuma suna da kariya daga wurin aikinsu wadda ta ishe su, amma ba wanda ya tambaye su.

Mutum ba ya gane an cuce shi sai ranar da ya kwanta ciwo ko ya rasa aiki, ya je neman abin da ya daɗe yana biya, a buɗe masa wani shafi mai ƙananan rubutu a ce ba ya ciki.

Daga ƙorafi zuwa kotu

Hukumar FSA, wadda FCA ta gada a watan Afrilun 2013, ta fara sa ido a kan sayar da inshora ne a watan Janairun 2005. A watan Satumba na wannan shekarar ƙungiyar Citizens Advice, mai bai wa jama'a shawara kyauta, ta shigar da babban ƙorafi a gaban ofishin OFT. A 2007 ofishin ya miƙa batun ga hukumar kula da gasa, wadda ta fitar da rahotonta a watan Janairun 2009, inda ta nemi a hana sayar da inshorar a zaman da ake ƙulla bashin, kuma a daina tsarin biyan dunƙule. A cikin wannan shekarar bankuna suka daina ɗora dunƙulen a kan lamunin da ba shi da jingina.

A tsakanin nan FSA ta riƙa cin tarar kamfanoni ɗaya bayan ɗaya. Mafi girma a lokacin ita ce ta fam miliyan bakwai da aka ci bankin Alliance & Leicester a watan Oktoban 2008, saboda yadda ma'aikatansa suka riƙa matsa wa mutane ta wayar tarho. Sai dai tarar miliyoyi ba ta girgiza harkar da ke kawo biliyoyi ba.

Abin da ya sauya lissafi shi ne ƙa'idojin da FSA ta fitar a watan Agustan 2010, waɗanda suka tilasta wa bankuna sake duba tsoffin cinikin da suka yi, su kuma biya inda aka sami kuskure. Ƙungiyar bankunan Birtaniya ta garzaya kotu, tana mai cewa ana yi mata hukunci ne da ƙa'idar da ba ta nan lokacin da aka yi cinikin. Bankuna da dama suka jingine ƙorafe-ƙorafen jama'a suna jiran hukunci.

A ranar 20 ga watan Afrilun 2011 Babbar Kotu a Landan, ƙarƙashin Mai Shari'a Ouseley, ta yi watsi da ƙarar bankunan. Makonni biyu bayan haka sabon shugaban bankin Lloyds, António Horta-Osório, ya janye bankinsa daga shari'ar, ya ware fam biliyan 3.2 domin biyan diyya. Cikin 'yan kwanaki sauran bankunan suka haƙura da ɗaukaka ƙara. A lokacin mutane da yawa sun ɗauka Lloyds ya ware fiye da abin da ake buƙata. Kafin a kai ƙarshe, abin da bankin ya kashe ya kusan kai fam biliyan 22.

Ko bayan faɗuwa a kotu, ba duk bankuna ne suka miƙa wuya ba. A watan Afrilun 2015 an ci tarar bankin Clydesdale sama da fam miliyan 20, bayan an gano cewa wasu ma'aikatansa sun bai wa hukumar sauraron koke-koke bayanan ƙarya a kan takardun da bankin ke riƙe da su. A watan Yunin wannan shekarar aka ci tarar Lloyds fam miliyan 117 saboda watsi da ƙorafe-ƙorafen da suka cancanci a biya.

La'adar da aka ɓoye

Har zuwa 2014, tambayar da ake yi ita ce ko an yaudari mutum lokacin sayarwa. Shari'ar da aka fi sani da Plevin ta ƙaro wata tambayar: shin an gaya masa nawa ne daga kuɗinsa ke shiga aljihun wanda ya sayar masa?

Mai ƙarar malamar kwaleji ce wadda mijinta ya rasu. A 2006 ta ci bashin fam 34,000 daga kamfanin Paragon, aka ɗora mata fam 5,780 na inshora. Daga cikin wannan kuɗi, fam 1,630 kacal ya isa ga kamfanin inshorar. Ragowar fam 4,150, wato kashi 71.8 cikin 100, kamfanin lamunin da dillalin da ya haɗa cinikin ne suka raba a matsayin la'ada, kuma ba wanda ya faɗa mata.

A watan Nuwamban 2014 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci cewa ɓoye la'ada mai yawan gaske irin wannan ya sa alaƙar mai bashi da wanda ake bi ta zama ta rashin adalci a ƙarƙashin dokar lamuni ta 1974. Hujjar kotun mai sauƙi ce: duk mai hankalin da aka gaya wa cewa fiye da kashi biyu cikin uku na kuɗinsa la'ada ce, zai tsaya ya sake tunani.

Daga nan FCA ta kafa ma'auni. Idan la'adar ta wuce kashi 50 cikin 100 kuma ba a bayyana ba, za a mayar wa mutum abin da ya haura rabin, tare da kuɗin ruwa. Hukumar ta ce matsakaicin abin da bankuna ke ɗauka a kan inshorar lamuni ya kai kashi 67 cikin 100. Wato wanda ya biya fam 1,000, aka ɗauki fam 670 la'ada, zai karɓi fam 170 da ruwansa. Wannan ya buɗe ƙofa ga mutanen da aka taɓa watsi da ƙorafinsu. Sai dai masu suka sun ce ma'aunin ya halatta wa banki riƙe rabin kuɗin mutum a ɓoye, shi ya sa wasu suka gwammace zuwa kotu neman la'adar gaba ɗaya.

Yadda ake neman haƙƙin

Kafin a rufe karɓar ƙorafi a 2019, tsarin da aka shimfiɗa kyauta ne, kuma ba ya buƙatar lauya. Mutum zai fara da duba tsoffin takardun bashinsa, ko ya tambayi bankin ko an taɓa saka masa inshorar. Idan akwai, sai ya rubuta ƙorafi ya bayyana halin da yake ciki lokacin da aka sayar masa da abin da aka faɗa masa. Doka ta bai wa banki makonni takwas ya ba da amsa. Idan amsar ba ta gamsar ba, ko ba ta zo ba, mai ƙorafi yana da watanni shida ya kai maganar gaban hukumar sauraron koke-koken harkokin kuɗi, wato FOS, wadda hukuncinta ke hawa kan banki da zarar mai ƙorafi ya amince da shi.

Manufar diyyar ita ce a mayar da mutum matsayin da zai kasance da ba a sayar masa ba: kuɗin inshorar da ya biya, da kuɗin ruwan da aka caje shi a kansa, da ƙarin kashi takwas cikin 100 a kowace shekara saboda tsawon lokacin da aka riƙe masa kuɗi. Wannan ƙarin ne ya sa wasu tsoffin bashi suka haifar da diyya mai tsoka. Magada ma an ba su damar nema a madadin mamaci.

Hukumar FOS ta karɓi ƙorafi sama da miliyan biyu a kan PPI, kuma a shekarar da abin ya fi ƙamari adadin ya kusan kai 400,000. Akwai shekarun da ta bai wa masu ƙorafi gaskiya a kusan tara cikin kowane goma. Galibinsu mutane ne da bankuna suka riga suka ce ba su da haƙƙi. Wanda ya karɓi wasiƙar ƙin amincewa ya ajiye ta a aljihun tebur, shi ke nan ya yi asara, ko da kuwa gaskiya na gefensa.

Kura da shan bugu

Da yake an ɗora wa wanda aka cuta nauyin nema, sai wata sabuwar sana'a ta tsiro. Ɗaruruwan kamfanonin dillancin neman diyya suka cika wayoyin jama'a da kira da saƙonni, suka cika rediyo da talabijin da talla. Aikinsu bai wuce cike takardar da mutum zai iya cikewa da kansa ba, amma sukan ɗauki kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na diyyar, ban da haraji.

Ofishin babban mai binciken kuɗin gwamnatin Birtaniya ya ƙiyasta a 2016 cewa waɗannan kamfanoni sun kwashi tsakanin fam biliyan 3.8 da biliyan 5 daga Afrilun 2011 zuwa Nuwamban 2015. Sai a watan Yulin 2018 doka ta ƙayyade cewa kada su wuce kashi 20 cikin 100. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: mutumin da aka fara cuta da la'adar banki, sai ga shi ya sake biyan la'ada kafin ya karɓi kuɗinsa.

Duk da haka ba a rasa abin faɗa a madadinsu ba. Bankuna sun zarge su da turo dubban ƙorafe-ƙorafe na mutanen da ba su taɓa sayen inshorar ba, kuma zargin yana da tushe. Amma su ma kamfanonin suna da hujjar cewa da ba su buga ƙofa ba, miliyoyin mutane ba za su taɓa sanin ana riƙe musu kuɗi ba. A ɗaya ɓangaren, ƙungiyar kare masu saye ta Which? da ɗan jaridar nan Martin Lewis sun riƙa raba samfurin wasiƙar ƙorafi kyauta, suna nanata wa jama'a cewa ba sa buƙatar ɗan tsakiya.

Wa'adi da abin da ya rage

Bankuna sun daɗe suna neman a sa ranar rufewa, domin su san iyakar asararsu. A 2017 FCA ta amince, ta ba da shekaru biyu, ta kuma ƙaddamar da gangamin wayar da kai na kimanin fam miliyan 42 da kamfanonin suka biya, wanda aka yi amfani da mutum-mutumin kan tauraron fina-finai Arnold Schwarzenegger yana ingiza mutane su yanke shawara.

Tururuwar da aka yi a makonnin ƙarshe ta ba bankunan mamaki. Lloyds ya ce a watan Agustan 2019 tambayoyin da ke shigo masa sun kai tsakanin 600,000 da 800,000 a mako, abin da ya sa ya ƙara ware fam biliyan 1.8. Barclays ya ƙara biliyan 1.4, RBS kuma miliyan 900. Wannan cunkoso shaida ce cewa shekaru takwas bayan hukuncin Babbar Kotu, akwai ɗimbin mutanen da ba su motsa ba sai da aka ce za a rufe. Ƙungiyoyin kare masu saye sun yi gargaɗin cewa waɗanda za a bari a baya su ne tsofaffi, da marasa lafiya, da waɗanda karatu ko harshe ke yi wa wahala, da waɗanda suka bar ƙasar. A cikin rukunin ƙarshe akwai baƙi, har da 'yan Najeriya, da suka yi karatu ko aiki a Birtaniya a waɗancan shekaru suka koma gida, inda tallar ba ta kai gare su ba.

Bayan wa'adin, hanyoyin da suka rage ƙunci gare su. Hukumar FOS tana iya sauraron wanda ya makara idan yana da uzuri mai ƙarfi, kamar ciwo mai tsanani da ya hana shi nema a kan lokaci. Wa'adin bai shafi wanda kamfanin inshora ya ƙi biyansa diyyar ciwo ko rasa aiki ba. Idan kamfanin da ya sayar da inshorar ya durƙushe, akwai asusun biyan diyya na ƙasar, FSCS, mai nasa ƙa'idojin.

Babbar hanyar ita ce kotu, domin wa'adin FCA bai ɗaure alƙalai ba. A 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu da suka ƙarfafa masu nema. A watan Oktoba, a shari'ar da aka yi da bankin RBS, ta ce shekaru shida da doka ta ba mai ƙara a Ingila suna fara ƙirguwa ne daga ranar da alaƙar bashin ta ƙare, ba daga ranar da aka daina biyan inshorar ba. A watan Nuwamba kuma, a shari'ar da aka yi da kamfanin Canada Square, inda la'adar ta haura kashi 95 cikin 100, ta ce wanda ya ɓoye la'ada da gangan ba zai fake da cewa lokaci ya ƙure ba. Sai dai kotu ba kyauta ba ce: akwai kuɗin shigar da ƙara, akwai kason lauyoyi, akwai kuma yiwuwar faɗuwa. Bashin da aka gama biya kafin watan Afrilun 2008 kuwa, galibi bai shiga wannan tanadi ba.

Akwai kuma 'yan damfara da ke kiran mutane da sunan hukuma, suna cewa an ajiye musu diyya amma sai sun fara turo wani kuɗi. FCA ta sha nanata cewa ba ta neman kowa ya tura mata kuɗi domin a biya shi diyya.

Shin an ɗauki darasi?

Kuɗin diyyar daga asusun bankuna ya fito, wato daga aljihun masu hannun jari, waɗanda a lokacin suka haɗa da gwamnatin Birtaniya da ta ceto Lloyds da RBS a rikicin kuɗi na 2008. Shugabannin da aka yi cinikin a zamaninsu ba su ɗanɗana da yawa ba. A 2012 Lloyds ya zaftare wani kaso na alawus ɗin manyan jami'ansa 13, har da tsohon shugabansa Eric Daniels, amma jimillar abin da aka zaftare bai kai ko kusa da kashi ɗaya cikin dubu na asarar bankin ba. Wannan giɓi na cikin dalilan da suka sa aka kafa tsarin ɗora wa manyan jami'an banki alhaki da sunansu a 2016, sannan a watan Yulin 2023 aka ƙaddamar da ƙa'idar da ta wajabta wa kamfanonin kuɗi tabbatar da cewa abin da suke sayarwa ya dace da kuɗin da suke karɓa.

Cutar ba ta Birtaniya kaɗai ba ce. A 2012 hukumomin Amurka sun umarci kamfanin Capital One ya mayar wa masu katinsa kimanin dala miliyan 140 saboda irin wannan sayarwa. A 2019 hukumar sa ido ta Ostireliya ta gano cewa a kowace dala da jama'a suka biya na inshorar bashi, santi 19 ne ke komawa gare su. Afirka ta Kudu kuwa ta ƙayyade farashin inshorar da ake haɗawa da bashi tun 2017.

A Birtaniyar ma tarihi ya maimaita kansa. A ranar 1 ga watan Agustan 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan la'adar da kamfanonin lamuni ke bai wa dillalan motoci a ɓoye. Ta ba kamfanonin gaskiya a kan manyan batutuwa, amma ta tsaya wa mai ƙara ɗaya wanda la'adar cinikinsa ta kai kashi 55 cikin 100 na duk abin da aka caje shi a kan bashin, bisa sashen dokar da aka yi amfani da shi a shari'ar Plevin. A watan Oktoban 2025 FCA ta gabatar da shawarar tsarin biyan diyya da ta ƙiyasta zai shafi yarjejeniyoyi kimanin miliyan 14, a kan kimanin fam 700 kowace. Bambancin da ke cikin shawarar shi ne, kamfanonin ne za su nemo mutanen su tuntuɓe su. Wannan tamkar amincewa ce cewa barin wanda aka cuta ya yi ta bin sawu, kamar yadda aka yi a PPI, kuskure ne.

Ga mai cin bashi a Najeriya, inda bankuna da dama ke haɗa inshora da lamunin albashi, labarin ba na nesa ba ne. Inshorar na iya zama rufin asiri ga iyalin da maigidansu ya rasu da bashi a kansa. Amma tambayoyin da mutanen Birtaniya ba su yi ba sai da aka makara suna nan: nawa ne kuɗin inshorar, wane kamfani ne ya ɗauki nauyinta, me take biya, me ba ta biya, kuma ina takardar shaidarta? Babban Bankin Najeriya yana da sashen kare masu hulɗa da bankuna, wanda ake kai wa ƙara idan banki bai warware ƙorafi ba bayan makonni biyu, hukumar NAICOM kuma ita ke sa ido a kan kamfanonin inshora. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Fam biliyan 38 da aka mayar sun tabbatar da cewa ana iya tilasta wa manyan bankuna su dawo da abin da suka ci ba bisa ƙa'ida ba, matuƙar akwai hukuma mai haƙori, da kotu mai cin gashin kanta, da wurin kai kuka kyauta. Amma daga ƙorafin Citizens Advice na 2005 zuwa rufewar 2019 shekaru 14 ne, kuma mutane da yawa sun rasu kafin a kai gare su. Wasu kuma har yau haƙƙinsu yana kwance a littafin banki, don kawai ba su san akwai shi ba.